Saƙon da aka turo maka, naka ne ka tura gaba?

Admin Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maganar da aka taso da ita jiya da daddare aka bar ta a rataye, gara mu ƙarasa ta yau, don so muke ta shiga dokokin wannan zaure namu na WhatsApp. Mutum ya yi rubutu a nan, ko ya turo maka ta bayan fage, kai kuma ka ɗauka ka jefa wani zauren ko ka manna a Facebook ba ka tambaye shi ba. Laifi ne a doka, ko rashin kyautawa ne kawai? Barista, kai muke jira. Don Allah a dakata da sitika har a gama.

Barista:
Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Abu biyu ake cakuɗawa a wannan magana, kuma sai an raba su za a fahimce ta. Akwai haƙƙin mallakar rubutu, akwai kuma sirri da amana. Za ka iya keta ɗaya ba ka taɓa ɗayan ba.

Mu fara da na farko. Dokar da ke aiki a Najeriya yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Sharaɗi biyu take nema kafin rubutu ya samu kariya: a ce mai shi ya yi ƙoƙarin da ya ba rubutun kamanni nasa na kansa, sannan a ce an adana shi a wani abu da za a iya karantawa ko saurara daga baya. Da ka danna maɓallin aikawa, sharaɗi na biyu ya cika. Ba sai ka yi rajista ba, ba sai ka sa alamar nan ta harafin c cikin da'ira ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista, amma don ƙarfafa hujja ne, ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Kuma a jerin abubuwan da doka ta kira ayyukan adabi akwai wasiƙa da rahoto da lacca da jawabi da huɗuba. Kariyar tana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu.

To “ina kwana” da “Allah ya sa alheri” ba su kai ba, don babu wata ƙirƙira a ciki. Amma sakin layi shida da mutum ya zauna ya tsara a kan yadda ake lissafin gado ko yadda ake kiwon kajin gidan gona, wannan rubutu ne mai mai shi.

Alhaji Na-Kwari:
Haba Barista. Saƙon nan a wayata yake, da datata na sauke shi, ni aka turo wa. Yanzu kayan da ke cikin shagona sai na nemi izinin wani kafin na ba maƙwabcina?

Barista:
Alhaji, wannan tambayar taka ta girmi wayar salula da fiye da shekara 200. A 1741 a Ingila, wani mai buga littattafai, Edmund Curll, ya tattara wasiƙun da mawaƙi Alexander Pope ya rubuta wa mutane ya buga su. Pope ya kai ƙara. Alƙali Lord Hardwicke ya yanke cewa takardar ta zama ta wanda aka aika wa, amma ikon buga kalmomin yana hannun wanda ya rubuta su. Wato ka adana, ka sake karantawa, ka yaga, ka ƙona, duk naka ne. Yaɗawa ce ba taka ba. Kuma ba tsohon zance ne da ya mutu ba: a Fabrairun 2021 Babbar Kotun Landan ta ba Meghan Markle, matar Yarima Harry na Ingila, gaskiya a kan kamfanin jaridar da ya buga sassan wasiƙar da ta rubuta wa mahaifinta, duk da cewa mahaifin ne da kansa ya miƙa wasiƙar. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure kotunanmu, sai dai ana kafa hujja da shi, tunda tushen dokar tamu daga can yake.

Misalin shago bai zauna ba, Alhaji. In ka ba maƙwabcinka turmin atamfa, ya bar hannunka. In ka tura saƙo, naka yana nan, an kuma haifi wani sabo. Kwafi ka yi, kuma kwafi shi ne abu na farko da doka ta keɓe wa mai rubutu.

Alhaji Na-Kwari:
To in haka ne me ya sa suka sa maɓallin turawa? Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya yi rubutu a zaure mai mutum ɗari bakwai ai ya san zai fita.

Barista:
Nan kam ka kusa kama gaskiya. Doka ta ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya tak izinin amfani, dole ya zama a rubuce. Amma izini na gama-gari yana iya zama a rubuce, ko da baki, ko a fahimce shi daga halin da ake ciki. Wanda ya rubuta cigiyar yaro, ko sanarwar jana'iza, ko tallar takalma, ko ya rufe rubutunsa da “a yaɗa”, ya ba da izini ko bai furta ba. Haka wanda ya yi rubutu a nan ya yarda a ɗauko maganarsa a ba shi amsa a nan. Abin tambaya shi ne iyakar izinin. Wanda ya yi bayani ga 'yan zauren likitoci arba'in bai ba ka izinin kai shi shafin da ke da mabiya dubu hamsin ba. Sanin cewa ɓarawo na iya shigowa ba kyauta ba ce ga ɓarawo. Maɓallin kuwa kamfani ne ya sa shi, kuma kamfanin ba shi ya mallaki rubutun ba balle ya ba ka.

Maman Ilham Marubuciya:
Allah ya saka da alheri Barista. Bari in kawo ɓangaren da abin ya fi ciwo, wato marubutan labarai na onlayin. Tsarin da aka saba shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, sannan mai son ci gaba ta biya, a ce naira 500 ko 1,000, a sa ta a zauren kuɗi. Sai mutum ɗaya ta biya, kullum aka saki shafi ta tura wa zaure uku. Wata kuma ta jira littafin ya ƙare ta haɗa shi a dokumen guda, ta goge sunan marubuciya da lambar biyan kuɗi, ta sa sunan nata zauren a kai. Na uku ya ɗauka ya karanta da murya ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla. In aka yi magana sai a ce “ai da kuɗina na saya”. Abin da aka saya damar karantawa ce. Wanda ya sayi tikitin kallon ƙwallo bai sayi filin ba.

Kuma lissafin a fili yake. Zaure guda na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. In littafin naira 500 ya shiga cikakken zaure ɗaya, ko da mutum ɗaya cikin goma ne da zai saya, an yi asarar sama da naira dubu hamsin a turawa ɗaya.

Barista:
Hajiya, a wannan misalin an taka doka ta fuska uku. Kwafi da rarrabawa ba izini, ɗaya. Goge suna, biyu, don doka ta ba marubuci haƙƙin a jingina masa aikinsa da haƙƙin hana a jirkita shi ta yadda zai zubar masa da mutunci, kuma wannan haƙƙin yana nan ko ya sayar da littafin. Mayar da shi sauti, uku, wannan ma sai da izini. Dokar 2022 ta ƙara da abin da tsohuwar ba ta fayyace ba: ɗora aikin wani a intanet yadda kowa zai same shi a lokacin da ya ga dama, in don kasuwanci ne, laifi ne da ke da tara ko ɗauri, ba diyya kaɗai ba.

Abba Ɗalibi:
Allah ya gafarta Malam, ina da ishkali. Ba an ce wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta ba? In rubutun fa'ida ne na addini, neman izini ba tare hanyar alheri ba ne?

Malam Na-Zaure:
Abba, hadisin yana magana ne a kan mai ilimin da aka tambaya ya ƙi faɗa. Bai ce kai ka ɗauki littafin wani ka raba ba. Hukuncin da ka koya daga rubutun, je ka koyar da duniya da bakinka da alƙalaminka, ba mai hana ka. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan littattafan addini, amma ko su ba wanda ya halatta a cire sunan mai magana. Mu da aka rene mu a kan isnadi, wato jero sunayen waɗanda aka karɓo magana daga gare su? Abdullahi ɗan Mubarak cewa ya yi isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Yau sai ka ga fatawa tana yawo, a ƙasanta an rubuta “Copied” kawai. Daga wa? Wa za a tambaya in akwai kuskure?

Ɓangaren amana kuma ya fi wannan nauyi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar amana ce. Waigen nan alama ce ta ba ya son wani ya ji. Wanda ya bar zaure ya biyo ka ta bayan fage ai ya waiga. Sannan Muslim ya kawo cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ban san abin da ya fi dacewa da mai tura duk abin da ya shigo wayarsa kamar wannan ba.

Injiniya:
Bari in nuna abin da ke faruwa da saƙo a hanya, don mutane da yawa ba da mugunta suke yi ba, ba su san abin da na'urar ke zubarwa da abin da take ɗauka ba ne.

WhatsApp in ka tura saƙo yana cire sunan wanda ya rubuta, da lokacin, da saƙon da yake ba wa amsa. Abin da ke isa wurin na gaba kalmomi ne tsirara da 'yar kibiya a sama. A ce wani ya tambaya a zauren ma'aikatan lafiya nawa ake ba babban mutum na wani magani, aka amsa masa “biyu da safe, biyu da dare”. Tura amsar kaɗai, tambayar ta faɗi a hanya, sai uwa ta karanta ta ba ɗan shekara uku. Telegram shi yana tafiya da sunan mai saƙon sai in mai turawar ya ɓoye shi. Imel kuwa kishiyar WhatsApp ne, kwashe komai yake: adireshin duk wanda aka sa a saƙon, da tsofaffin saƙonnin da ke jere a ƙasa. Mutum ya tura sanarwar taro, bai gangara ƙasa ba, ashe can ƙarƙashi akwai inda aka tattauna albashin wani. Kafin ka tura imel, gangara har ƙarshe, goge abin da ba na mai karɓa ba, in mutane da yawa ne ka sa adireshinsu a layin Bcc don kada su ga na juna.

Sikirinshot ya fi duka haɗari. A zaure, duk wanda ba ka adana lambarsa ba, lambar tasa ce ke fitowa a saman saƙonsa. Ka ɗauki hoton allo don maganar mutum ɗaya, ka tafi da lambobin mata uku da sunan zauren a sama. Kuma masu shafa alƙalamin haskaka rubutu a kan lamba su sani ba ya rufewa, ana ƙara hasken hoton lambar ta fito. A yanke wurin gaba ɗaya, ko a rufe da launi mai kauri.

Kamfanin kansa ya san turawa na da illa. A 2018 suka fara sa alamar an turo, a Janairun 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda a duk duniya, a Afrilun 2020 suka ce saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa, mai kibiya biyu, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda.

Ɗan Jarida:
Ina da ja a nan. In aka ce komai sai da izini, aikin jarida ya mutu. Wane jami'i ne zai ba ka izinin buga saƙon da ya nemi cin hanci a ciki?

Barista:
Ba wanda ya ce komai. Sashe na 20 na dokar ya buɗe ƙofar amfani na adalci: amfanin kai, nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi da suka, ba da labarin abin da ke faruwa, har da barkwanci da shaguɓe. Kotu tana auna abu huɗu: me ka yi da shi kuma don kuɗi ne ko a'a, wane irin aiki ne, nawa ka ɗiba, sannan ya taɓa kasuwar mai shi ko bai taɓa ba. Inda ya yiwu kuma a ambaci mai aikin. Ɗauko layi uku ka yi musu raddi daban yake da kwafe rubutun duka ka sa “me za ku ce?” a ƙasa. Kuma ba ruwan awon da yawan kalmomi kaɗai, in layi ukun nan su ne zuciyar aikin, kamar ƙarshen labarin da ake sayarwa, an ɗebi da yawa.

Sannan doka ba ta kare ra'ayi ko labari, kalmomin da aka zuba su a ciki take karewa. In wani ya rubuta cewa farashin buhun masara ya sauka a Dawanau, kana iya faɗin haka da naka kalmomin.

Ɗan Jarida:
To nan ne nake son a lura. Sake faɗa da kalmominka yana fitar da kai daga matsalar haƙƙin mallaka, amma ba ya fitar da kai daga cin amana. A aikinmu kafin a fara magana ake yanke sharaɗi: wannan a buga da suna, wannan a buga ba suna, wannan don ka sani ne kawai. Akwai ƙa'idar da cibiyar Chatham House ta Landan ta kafa tun 1927, wadda ta ce ka yi amfani da abin da ka ji a taro, amma kada ka faɗi wanda ya faɗa ko inda yake aiki. Zaure irin wannan zai iya ɗaukar ta. Sai dai in garin ƙarami ne, “wata malamar jinya mai 'ya'ya biyu a unguwa kaza” suna ne, ko ba a rubuta suna ba.

Barista:
Haka ne. Ga kuma abin da masu turawa ba sa tunawa: in saƙon ƙazafi ne, wanda ya maimaita shi ma ya yaɗa, “turo min aka yi” ba kariya ba ce. Sashe na 391 da 392 na Penal Code, kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa, sun yi magana a kan ɓata suna. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin wasiƙu da maganar waya. Ga Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023, wadda ta fi shafar kamfani ko makaranta ko asibitin da ma'aikacinsa ya fitar da lambar waya ko sakamakon gwajin wani.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Don kada wani ya ɗauka in rubutu ya tsallaka Maimujiya ko Jibiya ya zama na kowa. Nijar ta shiga Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta tsakanin ƙasashe tun 1962, Ghana a 1991, Najeriya a 1993, kuma ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta kare marubucin ƙasar wata kamar yadda take kare nata, ba tare da rajista ba. Mu nan Nijar muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2010, da ofishin kare haƙƙin marubuta na BNDA a Yamai, kuma muna cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde tare da Kamaru da Chadi. Tsarin da muka gada daga Faransa ya fi ma tsanani a kan sunan marubuci, ba ya sayuwa. Littafin marubuciyar Kano da ake rabawa a zaurukan Maraɗi yana da kariya a takarda. Bin haƙƙin ne aiki.

Alhaji Na-Kwari:
Yauwa, ka faɗi gaskiya, a takarda. Barista, tsakaninka da Allah, wa zai je kotu a kan saƙon WhatsApp?

Barista:
Kaɗan ne ƙwarai, Alhaji, ban musa ba. Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke saurarenta, ba kotun majistare ko ta shari'a ta unguwa ba, kuma kuɗin lauya zai ninka abin da aka yi asara sau da yawa in rubutu ɗaya ne. Shi ya sa nake ba da shawarar a bi daga ƙasa. Kafin komai a tara hujja: hoton allo mai nuna kwanan wata, adireshin shafin da aka ɗora, da asalin rubutunka inda ya fara fita. Kada a goge komai, kada a sayar da wayar, don sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da hujjar ta fito daga ciki. Sannan a yi wa mutumin magana ta bayan fage, a faɗa masa abin da ake so ƙarara: ya cire, ko ya mayar da suna, zuwa rana kaza. Yawanci a nan take ƙarewa. In ya ƙi, a kai wa admin na zauren. In a Facebook ko YouTube ne, suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, wanda ya samo asali daga dokar Amurka ta 1998, kuma sashe na 54 na dokarmu ya kawo irinsa. Za a nemi sunanka, aikin da aka ɗauka, inda aka ɗora, da shaidar cewa gaskiya ka faɗa. A sani suna iya nuna wa wanda aka kai ƙara sunan mai ƙorafin, kuma tashar YouTube da ta tara irin wannan gargaɗi uku tana iya rufuwa. Kada a kai ƙorafin ƙarya don huce haushi, yana da nasa hukuncin.

Injiniya:
A WhatsApp fom ba ya yin aiki kamar haka, don saƙonnin a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin ba ya ganin su. In ka kai rahoton mutum, saƙonninsa biyar na ƙarshe ne ke isa gare su. Abin da ya riga ya sauka a wayoyi dubu kuwa ba mai janyo shi. Gogewa ga kowa tana aiki ne cikin kusan kwana biyu, kuma a inda ka aika kawai, ba ta bin kwafin da aka tura gaba.

Ga masu sayar da rubutu, Hajiya, Telegram yana da saitin da ke hana turawa da adanawa a zaure ko tasha. WhatsApp ya kawo saitin ƙarin sirrin hira mai suna Advanced Chat Privacy a 2025, amma fitar da hira gaba ɗaya da saukar hotuna kai tsaye yake hanawa, ba ya hana sikirinshot. Kuma duk saitin duniya ba ya hana a ɗauki hoton allo da wata wayar. Abin da ya fi aiki shi ne shaida: kowane mai saye a ba shi PDF mai ɗauke da sunansa ko ƙarshen lambarsa a dishi-dishi a tsakiyar kowane shafi, ba a gefe ba inda za a yanke. In masu saye sun yi yawa, a raba su rukuni huɗu ko biyar, kowane rukuni a canza kalma ɗaya a wani sakin layi, a nan “ta zauna”, a can “ta zamna”. Ranar da ya fita, kalmar za ta nuna ƙofar da ya bi.

Maman Ilham Marubuciya:
Wannan ta biyun dabara ce. A ƙara da sa suna a tsakiyar shafi, ba a sama da ƙasa kaɗai ba, don nan ake fara gogewa.

Abba Ɗalibi:
To saƙon murya fa? Malami ya yi karatu a zaure, an yanko minti ɗaya daga cikin arba'in.

Malam Na-Zaure:
Wannan ya fi rubutu ɓarna, ɗana. Malami yakan kawo maganar da zai rushe, ya ce “suna cewa kaza”, sannan ya yi raddi. A yanke daga bayan “suna cewa”, a tsaya kafin raddin, sai ga shi da muryarsa yana faɗin abin da ya zo ƙaryatawa. In za a yanka, a haɗa da tambayar da cikakkiyar amsar, a faɗi ranar karatun da inda cikakkensa yake.

Injiniya:
Abin mamaki, tun Oktoban 1995 aka rubuta wannan ladabin a wata takardar jagora ta masu tsara intanet mai lamba RFC 1855. Ta ce in za ka tura saƙon da ka karɓa kada ka canza kalmominsa, in kai kaɗai aka aiko wa kuma za ka kai shi cikin jama'a ka fara neman izini, kana iya taƙaitawa amma ka jingina shi ga mai shi.

Admin Baban Khalifa:
To ga abin da na tsara, a gyara min. Abin da aka rubuta a zauren nan ba ya fita sai an tambayi mai shi, ban da sanarwa da abin da aka ce a yaɗa. Mai neman izini ya faɗi abu uku: wane saƙo, ina zai kai shi, da suna ko ba suna. Kamar haka: “Malam, bayaninka na jiya a kan zakkar kasuwanci, ina son in tura wa zauren 'yan kasuwar unguwarmu, mu kusan 80 ne, da sunanka. Ka amince?” In abin a buɗe yake a intanet, a tura adireshin shafin maimakon a kwafe rubutun. Ba sikirinshot mai lambar kowa.

Ɗan Jarida:
A sa togaciya, ranka ya daɗe. Saƙon barazana, damfara, ko mai bibiyar yarinya da maganar banza, ba a neman izinin mai shi kafin a kai wa admin, iyaye ko hukuma. In ba a rubuta ba, wani zai fake da dokar zaure.

Barista:
Na goyi baya, amma a rubuta “a kai wa wanda zai iya ɗaukar mataki”, ba a watsa a Facebook ba. Kuma hoton tsiraici, musamman na yara, ba a tura shi ko da sunan neman a kama mai laifi, a kai wayar wurin hukuma yadda take.

Alhaji Na-Kwari:
In na tambaya ya gani, alamar karantawa ta yi shuɗi, bai amsa ba har kwana biyu fa? Ai shiru ma amsa ce.

Malam Na-Zaure:
Alhaji, shirun da aka ce yarda ne na budurwa ne a maganar aure, ba na mai rubutu ba. Ƙa'idar malamai ita ce ba a jingina wa mai shiru magana.

Barista:
A rubuta haka, Admin: rashin amsa a'a ne. Kuma izinin zaure ɗaya ba ya wucewa zuwa na biyu, in za a ƙara gaba a sake tambaya.

Admin Baban Khalifa:
Na ƙara duka biyun. Zan manna a bayanin zaure bayan Isha'i. Mutum huɗu sun riga sun biyo ni ta bayan fage suna son tura wannan muhawarar wasu wurare. Barista, Malam, Hajiya, Injiniya da sauran waɗanda suka yi magana, kowa ya faɗa a nan ko ya amince, da suna ko ba suna.

Injiniya:
Na amince, da suna. Amma a kwafe rubutun, kada a yi sikirinshot, lambar Abba tana fitowa a wurin duk wanda bai adana ta ba.